Kwazar: tashoshin rediyon sama waɗanda ƙarfinsu ke hawa yana sauka

Ranar 12 ga watan Afirilun 1965, kamfanin dillancin labarai na Tarayyar Sobiyet, TASS, ya saki wani labari da ya hana ƴan jaridar duniya barci. Labarin ya ce masana taurari na birnin Mosko sun kama wata siginar rediyo daga can ƙuryar sama, ƙarfinta na hawa yana sauka kamar wani ne ke murɗa maɓalli, kuma mai yiwuwa wasu halittu masu hankali ne ke aiko ta. Sunan wurin da siginar ke fitowa CTA-102. Wani matashi mai suna Gennady Sholomitsky ne ya auna ta, ya ga tana canzawa cikin kimanin kwanaki 100. Kafin nan abokin aikinsa Nikolai Kardashev ya riga ya rubuta cewa wannan wuri ya cancanci a sa masa ido, ko da wasu ne ke magana daga can.

Zancen halittun bai yi nisa ba. A cikin shekarar aka gano cewa CTA-102 kwazar ne, wato tsakiyar wani garken taurari mai nisan gaske, wanda haskensa ya yi tafiyar shekaru kusan miliyar 8 kafin ya iso gare mu. Aka yi ta yi wa mutanen Mosko dariya. Amma awon Sholomitsky daidai yake: ƙarfin siginar yana canzawa da gaske. Kuma wannan canjin ne ya zama ma'aunin da masana suka auna girman abubuwan da babu madubin da ke iya ganin cikinsu a lokacin. CTA-102 na nan har yau, kuma kullum yana bi ta kusan tsakar kan mutanen Maraɗi da Damagaram, sai dai ido ba ya ganinsa.

Mene ne su, kuma ina suke?

Rana da taurarin da muke gani da dare duka ƴan garke ɗaya ne. Shi ne farin zanen nan da ke ratsa sama idan mutum ya fita daji inda babu wutar kuran, wanda ake kira Voie lactée a lakkwal. Bayan garkenmu akwai wasu garkuna miliyoyi a kan miliyoyi. Ana auna nisansu da shekarar haske, wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara ɗaya, kimanin kilomita miliyar 9,460.

A tsakiyar manyan garkunan akwai baƙin rami, wani dunƙule mai nauyin rana miliyoyi ko miliyoyin dubbai, wanda ko haske ya faɗa cikinsa ba ya fitowa. Idan iskar gas na kwarara zuwa ramin, sai ta yi zafi, ta yi hasken da ya fi na dukkan taurarin garken a haɗe. A wasu daga cikinsu kuma wani sashe na gas ɗin ba ya faɗawa, sai a harbo shi waje ta ɓangarori biyu kamar ruwan tiyo, da gudu dab da na haske. Wannan feshin shi ke fitar da igiyoyin rediyo. Idan aka ce “ƙaramin tushen rediyo na wajen garkenmu”, gindin feshin ake nufi, kusa da ramin.

Karl Jansky, injiniyan kamfanin Bell a Amurka, shi ya fara jin sama a rediyo, ya wallafa sakamakon a 1933. Da sunansa ake kiran ma'aunin ƙarfin siginar, janski. Ma'auni ne ƙarami ƙwarai. Kwazar 3C 273, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi, janski ƴan gomomi kawai yake bayarwa. Da za a ajiye salula a kan wata tana kira, da ta fi shi ƙara a zangonta. Wannan 3C 273 shi ne kwazar na farko da aka san nisansa. A 1962 Cyril Hazard da abokan aikinsa suka yi amfani da faifan Parkes na Ostareliya, mai faɗin mita 64, suka jira wata ya rufe shi don su san ainihin wurinsa. A 1963 Maarten Schmidt ya duba wurin da madubin Palomar a Kalifoniya, ya gano cewa abin da ake zaton ɗan tauraro ne yana nesa da mu da shekarun haske kusan miliyar 2 da miliyan 400.

Bakan rediyo: abin da gangara ke faɗa

Mai sauraron rediyo ya san zango. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87 da 108, wato igiyar tana kaɗawa sau miliyan ɗari ko kusa da haka a daƙiƙa. Parabol ɗin tele da ke kan soraye yana kama gigahaz 4, ko 11 zuwa 12, kuma gigahaz ɗaya megahaz dubu ne. Tashar ɗan'adam wuri ɗaya take zama a kan allura. Tushen sama kuwa yana ko'ina: duk inda aka murɗa za a same shi, ƙarfin ne kawai ke bambanta. Idan aka auna ƙarfin a zanguna da yawa aka zana shi a takarda, daga ƙananan megahaz zuwa manyan gigahaz, zanen da ya fito shi ne bakan rediyo, kamar yadda bakan gizo ke shimfiɗa launukan hasken rana.

Abin da ke haifar da igiyoyin shi ne elektoron masu tsananin gudu da ke murɗawa cikin ƙarfin maganaɗisu. Sunan wannan haske sinkurotoron. Elektoron masu matsakaicin ƙarfi sun fi masu babban ƙarfi yawa, kuma masu babban ƙarfin sun fi saurin gajiya. Don haka idan gajimaren gas ɗin babba ne a buɗe, zanen gangara yake yi: da zarar an hau zango sai ƙarfi ya ragu. In an ninka zango sau 10, ƙarfi kan sauka kusan sau 5. Haka manyan tushe irin Cygnus A suke, kuma ba sa canzawa a tsawon rayuwar mutum.

Ƙananan tushen ba sa bin wannan ƙa'ida. Gas ɗinsu a cushe yake, har elektoron ɗin kan sake haɗiye igiyoyin da ƴan'uwansu suka fitar, musamman a ƙananan zanguna. Kamar wuta ce cikin hayaƙinta: ana ganin bakin-bakin, ba a ganin ciki. Sai zanen ya zama tudu, ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya gangara. Tun a 1963 masana suka lura cewa wurin da ƙololuwar take yana da alaƙa da girman tushen: idan tushe biyu ƙarfinsu ɗaya, wanda ƙololuwarsa ta fi hawa sama shi ne ya fi ƙanƙanta. Ke nan daga takarda kawai aka san cewa CTA-102 da ire-irensa ƴan mitsi-mitsi ne a fuskar sama, tun ba a ƙera na'urar da za ta tabbatar ba.

Mafi yawan ƙananan tushen ma ba tudu ɗaya suke nunawa ba, zanensu a shimfiɗe yake, ƙarfin kusan ɗaya daga gigahaz 1 har zuwa gomomi. Wannan ya daɗe yana damun masana, har wasu suka kira shi maƙarƙashiyar sama. Bayanin da Roger Blandford da Arieh Königl suka bayar a 1979 shi aka fi karɓa: feshin yana buɗewa kamar bakin kakaki, kowane sashe nasa da nasa tudun. Na kusa da rami ƙololuwarsa na can sama, na nesa tasa na ƙasa. In an tara tuddan wuri ɗaya sai su zama fili. Wannan na nufin abin da ake gani a matsayin “tsakiyar” kwazar yana gusawa idan an canza zango, kuma za mu ga inda wannan gusawar ke ciwo.

Akwai wani rukuni da ke da tudu ɗaya tak kusa da gigahaz 1, misali PKS 1934-638 a samaniyar kudu. Su ba su cika canzawa ba. An auna yadda ɓangarorinsu biyu ke nesanta da juna, aka ga wasunsu shekarunsu ɗaruruwa ne zuwa ƴan dubbai, jarirai ke nan a lissafin sama. Saboda natsuwarsu ake saita na'urori da su, kamar yadda ake gwada sikeli da dutsen awo: Ostareliya da PKS 1934-638, arewacin duniya kuma da 3C 286.

Yadda canji ke tona girma

A 1965 ɗin dai, William Dent na jami'ar Michigan ya nuna cewa ƙarfin 3C 273 a gigahaz 8 ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a cikin shekaru uku. Wannan karon babu mai musu. Me ya sa abin ya girgiza mutane?

A ɗauki makaɗan hawan salla da suka jeru tsawon kilomita ɗaya, mai sauraro yana tsaye a bakin layin. Ko da dukkansu sun ɗauke hannu a lokaci guda, ba zai ji shiru nan take ba. Na kusa za su fara yin shiru, ƙarar na ƙarshe kuwa sai bayan daƙiƙa uku za ta gama isowa, domin sauti kilomita ɗaya yake ci a daƙiƙa uku. Idan kuwa ya ji kiɗan ya yanke cikin ƙiftawar ido, ya san makaɗan a dunƙule suke wuri ɗaya. Haka haske yake. Abin da ya canza ƙarfinsa cikin shekara ɗaya, faɗinsa ba zai wuce shekarar haske ɗaya da yawa ba. Garkenmu faɗinsa shekarun haske dubu ɗari ne. Ga abu ya fi garke guda haske, amma bai kai tazarar da ke tsakanin rana da tauraro mafi kusa da ita ba, wadda ta ɗan haura shekarun haske 4.

Canjin ma da tsarinsa. Idan tushe ya yi tashin ƙarfi, a manyan zanguna ake fara gani, da ƙarfi kuma, sai bayan makonni ko watanni ya bayyana a ƙananan zanguna, ya riga ya yi sanyi. Harry van der Laan ya bayyana wannan a 1966 da cewa wani ƙullin gas ne aka harbo yana kumbura, yana yin shara-shara sannu a hankali. A 1985 Alan Marscher da Walter Gear suka gyara bayanin, suka ce karo ne ke faruwa cikin feshin idan gas mai sauri ya cim ma na gabansa.

Sai wata matsala ta ɓullo. Idan an san ƙarfi an san girma, ana iya lissafa zafin da tushen ke nunawa. A 1969 Kenneth Kellermann da Ivan Pauliny-Toth suka nuna cewa akwai iyaka, kimanin digiri miliyar dubu: in an wuce nan, elektoron ɗin za su zubar da ƙarfinsu cikin ɗan lokaci. Amma wasu tushen na canzawa da saurin da ke nuna sun ƙetare iyakar nesa ba kusa ba.

Gudun da ya “wuce” na haske

Amsar farko ta zo daga wata dabara da aka fara a Kanada da Amurka a 1967. Ana sa faifai biyu ko fiye a nahiyoyi dabam-dabam su kalli tushe ɗaya lokaci guda, kowanne da agogon atom, sannan a haɗa abin da suka naɗa. Sakamakon kamar an yi faifai ɗaya mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu. Ana kiran dabarar VLBI, kuma tana iya rarrabe abin da bai fi tsawon mutum kwance a kan wata ba.

A 1971 aka duba 3C 279 da 3C 273 da ita, aka ga ƙulle-ƙulle na fita daga tsakiya da gudun da ya ninka na haske sau da yawa. Ilimin fizik ya ce babu abin da ke wuce haske. Martin Rees na Kambirij ya riga ya hango wannan tun 1966, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce ƙulli na gudu da kashi 99 cikin 100 na gudun haske, ya nufo mu, ya ɗan karkace da digiri 8. Cikin shekaru 100 zai matso kusa da mu da shekarun haske 98, ya gusa gefe da 14. Hasken da ya fitar a ƙarshen tafiyar yana da gajeriyar hanya, don haka shekaru 2 kacal zai biyo bayan na farkon. Mu a nan sai mu ga ya gusa shekarun haske 14 cikin shekaru 2, ninki bakwai na gudun haske ke nan. Manzo ne ke bin wasiƙarsa da gudu.

Wannan ya warware abubuwa da dama a tare. Feshin da ya nufo mu yana ƙara haske ninki-ninki, canjinsa kuma yana matsewa cikin gajeren lokaci, shi ya sa zafin ke fitowa fiye da na gaskiya. Irin waɗannan da suka auno mu kai tsaye ana kiransu blazar, kuma CTA-102 na cikinsu. A ƙarshen 2016 ya yi wani tashin haske mai ban mamaki, masu bincike suka danganta shi da murɗewar feshin, wani sashe nasa ya ƙara fuskantar duniya. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi wuyar haɗiyewa a fannin: manyan tushen da suka cika kundayen masana ba lalle su ne mafi ƙarfi ba, su ne dai waɗanda bakin bindigarsu ya kallo mu.

Lokacin da laifin ba na kwazar ba ne

Duk da haka wasu sun ƙi shiga lissafi. Tun shekarun 1980, faifan Effelsberg na Jamus mai mita 100 ya riƙa ganin tushen da ke canzawa cikin yini ɗaya. A 1996 a Ostareliya aka ga PKS 0405-385 yana canzawa sosai cikin abin da bai kai awa guda ba. A 1999 Jane Dennett-Thorpe da Ger de Bruyn suka gano J1819+3845 da na'urar Westerbork ta Holan, shi ma haka. In canjin daga jikin kwazar yake, babu gudun feshin da zai iya bayyana shi.

Duk wanda ya kwana a tsakar gida lokacin zafi ya ga amsar da idonsa. Taurari na ƙyafta ido, amma Zara ba ta cika yi ba. Iskar da ke kanmu ce ke karkata hasken. Tauraro ɗigo ne, sai ya yi rawa, Zara kuwa tana da ɗan faɗi, rawar ɓangarorinta na kashe juna. Tsakanin taurarin garkenmu ma akwai siririyar iskar gas mai caji da ke yi wa igiyoyin rediyo haka. Barney Rickett da abokan aikinsa sun kawo wannan bayani a 1984.

Hujjar da ta rufe bakin kowa daga J1819+3845 ta fito. Aka kalle shi lokaci guda daga Holan da kuma jihar New Mexico ta Amurka, sai aka ga hawa da saukar iri ɗaya ne, amma wuri ɗaya na riga ɗayan da kusan minti ɗaya da rabi, kamar inuwar gajimare da ke ratsa gona kafin ta kai ta maƙwabci. Kuma saurin ƙyaftawar na canzawa da watannin shekara, yana maimaita kansa, domin duniya na zagaya rana, wani lokaci tana tafiya tare da gajimaren gas ɗin, wani lokaci tana saɓa masa. Abin da ke nesa da shekarun haske miliyoyin dubbai ba ruwansa da kalandarmu. Gajimaren a maƙwabtanmu yake, ƴan shekarun haske kaɗan daga rana. Wajen 2006 zuwa 2007 ƙyaftawar ta tsaya cak, gajimaren ya wuce.

Ribar ita ce, tushe ba ya ƙyaftawa haka sai in ƙanƙantarsa a fuskar sama ta kai ta tsabar dala ashirin da aka ajiye a kan wata. Iskar garkenmu ta zama madubin kyauta. Sholomitsky ma a nan ya samu gaskiyarsa: a 1972 Richard Hunstead ya tabbatar daga Ostareliya cewa CTA-102 na canzawa a ƙananan zanguna, kuma yawancin irin wannan canji yanzu ga iskar tsakanin taurari ake jingina shi.

Sauran gardama ba ta ƙare ba. Na'urar RadioAstron ta Rasha, da aka harba a 2011 tana nisanta har kusan kilomita 350,000 daga duniya, ta auna zafin tsakiyar 3C 273 ya haura digiri miliyar dubu goma, fiye da abin da gudun feshinsa ke iya bayyanawa cikin sauƙi.

Turakun da aka ɗaure duniya a kansu

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan direban da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas da wannan? Ruwansa na cikin salularsa. Taurarin ɗan'adam na GPS da Galileo suna buƙatar sanin daidai inda duniya ta kai a juyawarta, alhali juyawar ba ta da tsayayyen sauri: iska, teku da narkakken ƙarfen cikin ƙasa na sa tsawon yini ya ƙaru ko ya ragu da ɗan abin da bai kai ƙiftawa ba. A yankinmu ƙasa na gudu kusan mita 450 a daƙiƙa zuwa gabas, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kusan rabin mita ne a ƙasa. Taurarin ɗan'adam ba sa iya riƙe wannan awo su kaɗai na dogon lokaci, su ma yawo suke. Ana buƙatar turke da ba ya motsi, kuma babu abin da ya kai kwazar nisa da ƙanƙanta.

Tun 1 ga Janairun 1998, taswirar sama ta hukuma a kan waɗannan tushen take. Ta farko ta dogara da 212. Ta uku, wadda ta fara aiki a 2019 bayan aikin wani kwamiti ƙarƙashin Patrick Charlot na Bordo a Faransa, ta ƙunshi tushe 4,536, aka zaɓi 303 su zama turaku. Kusan kullum faifan Wettzell a Jamus da na Kokee Park a Hawai kan kalli wasu daga cikinsu na awa ɗaya, kuma cibiyar da ke Obsabatuwar ta Paris na cikin masu tattara sakamakon juyawar duniya.

A nan canjin ya zama ciwon kai. Duk lokacin da kwazar ya harbo sabon ƙulli, tsakiyar haskensa kan ɗan gusa, wurinsa kuma ya bambanta daga zango zuwa zango. Turken na rawa. Shi ya sa ake bin tarihin kowanne shekara da shekaru kafin a amince da shi, kuma shi ya sa 3C 273, duk da sunansa, ba ya cikin zaɓaɓɓun: feshinsa ya cika motsi.

Taswirar ta fi rauni a samaniyar kudu saboda ƙarancin faifai a wannan ɓangare na duniya. Shekaru da dama tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu ce ke ɗauke da nauyin nahiyar a wannan aiki. A watan Agustan 2017 Gana ta ƙaddamar da faifan Kuntunse kusa da Akara, tsohuwar eriyar sadarwa mai mita 32 da aka mayar na'urar sauraron sama, da niyyar shigar da ita cikin haɗakar VLBI.